Ƙullin da Bidi Ya Kwance

Idan ka sauka a tashar Arlit ka ce kana neman Isufu, za a tambaye ka wanne, don masu sunan nan a garin sun fi a ƙirga. Amma ka ce Isufu Mai Ƙulli, ko ɗan kabu-kabun da ya zo garin jiya zai kai ka har ƙofar gidansa, can gefen gari wajen garake, inda ake noman lambu. Sai dai in kun gaisa, don girman Allah kada ka kira shi da sunan nan. Da can shi yake kiran kansa da shi, har da bugun ƙirji. Yanzu kuwa in ya ji an ambata, sai ya sunkuya ya kama gyaran takalmin da ba abin da ya same shi.

Mutumin ƙasar Magariya ne. Ya zo Arlit yana saurayi, a saman motar rake, da riga biyu da tabarma ɗaya, lokacin da ake cewa duk wanda ya taka garin iraniyom ya yi ban kwana da talauci. Bai taɓa shiga ramin ma'adinai ba, bai taɓa sa hular kwano ya hau motar ma'aikata ba. Wani ɗan kwangila mai manyan motoci ne ya ɗauke shi, aikinsa ɗaurin kaya: buhuna, bututun ƙarfe, tano-tano, wato gangunan mai, duk abin da za a ɗora a bi da shi hanyar Tawa. Wanda ya san hanyar nan ya san tana girgiza wa mutum haƙora, balle igiya. To shekara ashirin da takwas Isufu yana ɗauri, ko buhu ɗaya bai taɓa faɗowa daga motar da ya sa wa hannu ba. Wannan ba cika baki ba ne, tsofaffin direbobi suna nan da ransu, a tambaye su.

Yana da wani ƙulli nasa na kansa, shi ne ya jawo masa sunan. Ka ja kayan iya ƙarfinka, ƙara tamkewa yake yi. Amma yana barin ƴar jela guda mai tsawon taƙi, wadda in ka fizge ta sau ɗaya, warrr, duk ɗaurin ya zube. Yakan ce ɗaurin da sai an sa masa wuƙa ba ɗauri ba ne, hauka ne.

Babban yatsansa na dama da manuniya sun tafi wata rana da sarƙa ta kuɓuce ana sauke kaya. In yana ba da labarin ba ya farawa da zafin ciwon. Sai ya ɗaga guntun hannun ya ce, "Ku shaida, ba ni na ɗaura sarƙar nan ba." Tun daga lokacin ya koyi aiki da yatsu uku da haƙori. Hagu ta riƙe kaya, shi kuma ya sunkuya ya ciji jelar ƙulli, ya kaɗa kai gefe guda, igiya ta warware. Ya saba har ba ya sanin yana yi.

Da aka rufe ɗaya daga cikin ramukan ma'adinai aiki ya ja baya, ɗan kwangila ya sayar da motocinsa, aka sallami Isufu. Sa'o'insa wasu suka koma gida, wasu suka nufi haƙar zinariya. Shi kuwa sai ya yi abin da ya sa unguwa ta yi mako guda tana dariya: ya aika Magariya aka sayo masa doki. Doki a Arlit, jama'a! Garin da jaki ma sai da haƙuri yake zamansa. Amma uban Isufu mai doki ne, kuma ƙanshin barga bai taɓa fita daga hancinsa ba. Ya sa wa dokin suna Bidi saboda launinsa, ya haɗa masa amalanke, suka shiga kai ruwa unguwanni da kai taki garake. Ba a yi arziki ba, amma tukunyar matarsa Zinatu ba ta kwana a kife ba.

A ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro, ya kafa wani ƙarfen gindin mota ya zuba masa siminti, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Shi ne turken Bidi. A nan yake ɗaure igiyar ragama da ƙullinsa mai jela. Kowace safiya sai ya riƙe ragamar da hagu a ƙarƙashin haɓar dokin, ya sunkuya ya ciji jela, ya kaɗa kai. Shekara uku ana haka, Bidi na tsaye yana kallo da manyan idanunsa.

Daidai ƙofar Isufu, tsallaken hanya, akwai bukkar mai gadin garake, Alhusaini. Ba'abzine ne dogo, siriri, wanda fari ya cinye wa raƙuma tun yana da sauran ƙuruciya, ya shigo gari ya kama gadi. Masu garake ne suka haɗu suka ɗauke shi, yana korar awaki da jakuna da masu dogon hannu. Shekara ashirin ba la'asar da ta wuce su biyun ba su zauna a tabarmar ƙofar bukkar nan sun sha shayi ba. Isufu ke surutu, Alhusaini ke fifita gawayi. Lokacin da hannun Isufu ke naɗe da bandeji, Alhusaini ne ya yi wata biyu yana ɗebo wa gidan ruwa, bai taɓa tsayawa a yi masa godiya ba.

Sau ɗaya tak ya taɓa sa baki a zancen doki. Yana zuba shayi ya ce, "Isufu, a wajenmu dabba a ƙafa ake ɗaure ta. Da ka sa masa dabaibayi."

Isufu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Kai Alhusaini! Ni za a koya wa ɗauri? Na ɗaure tan talatin daga nan har Tawa, sai doki ɗaya ne zai gagare ni? Bar dabaibayi ga masu raƙuma, waɗanda ba su iya ƙulli ba."

Alhusaini ya miƙa masa kofi na biyu.

Abin ya faro ne da bazarar bara, lokacin da rana ke korar kowa cikin ɗaki tun daga azahar, gari ya yi tsit kamar an share shi. Wata rana Isufu ya tashi daga barcin rana, ya fito zai ba Bidi ruwa, sai ya ga doki a ɗaure, amma ƙullin ba nasa ba ne. Wani ƙulli ne mai naɗi biyu, irin na masu raƙuma. Ya tsaya ya ƙura masa ido. A duk unguwar mutum ɗaya ne ke irin wannan ɗauri.

Ka ce zai tsallaka hanya ya tambaya? Taku ashirin ne fa tsakaninsu. Ina! Sai ya kwance, ya mayar da nasa, ya je ya sha shayi yana ta kallon hannun abokinsa ta wutsiyar ido. Bayan kwana uku aka sake. Aka kuma sakewa. Zuciyarsa ta fara saƙa masa abin da ta ga dama: ai ƙullina ba ya kwancewa da kansa, ke nan wani ke kwancewa, ai mutumin nan tsohon mahayi ne, ke nan in na kwanta sai ya saci hawa ya zaga garake, don kada ya taka da ƙafa cikin rana. Ya faɗa wa Zinatu.

Ta ce, "Malam, ka tambaye shi mana. Baki gare ka, kunne gare shi."

Ya ce, "Sai na kama shi dumu-dumu."

Karo na gaba bai kwance baƙon ƙullin ba. Ya zare shi ta saman ƙarfe yadda yake, ya ɓoye igiyar a ƙarƙashin gado, ya sa wata.

Ranar wata Talata ihu ya tashe shi. Bidi ya shiga garkar Dassin, wata bazawara mai ƴaƴa huɗu, wadda ba ta da komai a duniya sai wannan ƴar garka. Ya cinye salatin da za ta kai kasuwa ranar Alhamis, ya tattake irin tumatir, ya rusa hanyar ruwa. Da mutane suka iso, wa suka tarar? Alhusaini, riƙe da igiyar ragama, yana jawo dokin waje. Dassin ta zauna dirshan cikin laka ta ɗora hannu a ka.

Da la'asar aka taru a ƙofar Mai unguwa Gambo, masu garake da maƙwabta da ƴan kallo. Mai unguwa ya ce, "Malam Isufu, dokinka ya kwance ya yi ɓarna."

Da Isufu ya ce "haka ne, a yi haƙuri", da magana ta mutu a nan, don Dassin ba mai son tashin hankali ba ce. Amma kalmar nan ta "ya kwance" ita ta tsaya masa a wuya. A gaban mutanen da suka san shi da suna guda, a ce ƙullinsa ya kwance? Ya miƙe tsaye ya ce, "Ranka ya daɗe, doki bai kwance ba, kwance shi aka yi. Ƙullina hannun mutum ne kaɗai ke warware shi." Ya zaro igiyar nan daga aljihu ya jefa a tsakiyar fili. "Ga abin da nake tararwa a turkena. A tambayi mai shi."

Mai unguwa ya juya igiyar a hannu, ya dubi Alhusaini. "Wannan ƙullinka ne?"

"Nawa ne."

"Kai ke kwance dokin?"

Alhusaini ya dubi Isufu. Ya daɗe yana dubansa, kamar mai jiran a ce masa wasa ake yi. Sannan ya ja amawalin rawaninsa sama har ya kusa rufe idanu, ya ce, "Allah ya sani."

Mutanen Abzin suna da wannan hali: babban mutum ba ya tsayawa cacar baki da amininsa a bainar jama'a, ko da wuƙa aka ɗora masa a wuya. Isufu ya san haka sarai, shekara ashirin ba kwana ashirin ba ce. Amma ya ga shirun ya yi masa daɗi, sai ya ƙara da abin da har gobe in ya tuna yake jin kamar ya tauna harshensa. Ya ce, "Kun gani ko? Buzu dai Buzu ne. In ya ga abin hawa ba ya tambayar na wane ne."

Wasu suka yi dariya. Alhusaini ya tashi, ya karkaɗe rigarsa, ya tafi. Kafin magariba masu garake sun yanke shawara: mai gadin da ke sakin dabba a kan shuka ba mai gadi ba ne. Suka ba wani aikin, suka ce Alhusaini ya zauna a bukkar zuwa ƙarshen wata ya nemi inda zai nufa.

Kwana shida bayan haka, barcin rana ya ƙi zuwa wa Isufu. Ba shayi, ba hira, ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya shimfiɗa tabarma a zaure ya kishingiɗa, ƙofa a buɗe, yana hangen Bidi a inuwar dogon yaro. Ba kowa a hanya, ko kare.

Sai ya ga dokin ya ɗaga kai, ya dubi dama, ya dubi hagu, kamar tsohon ɓarawo. Ya matso jikin ƙarfe. Ya sa leɓe yana lalubar igiya, ya wuce naɗi na farko, ya wuce na biyu, har ya sami jelar. Ya cije ta. Ya kaɗa kai gefe guda, gefen hagu, daidai yadda Isufu ke yi, har da ɗan sunkuyon nan. Warrr, igiya ta zube ƙasa. Bidi ya yi atishawa, ya kama hanyar garake yana tafiyar ƙasaita.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Isufu ya ji kamar an kwara masa ruwan randa a tsakiyar baya. Ba wanda ya koya wa dabbar nan sai shi. Shekara uku yana ba ta darasi kowace safiya, a gaban hancinta. Baƙon ƙullin kuwa, ai ba sai an faɗa masa ba: doki ya kwance, mai gadi ya kamo shi, ya dawo da shi ya ɗaure ya koma bukkarsa bai ce uffan ba. Wannan shi ne laifin da aka kori mutum a kansa.

Ya fita a guje ba takalmi, yashi na ƙona masa tafin ƙafa, ya cafko dokin kafin ya kai shinge. Ya dawo da shi, ya yi masa mataccen ƙulli, irin wanda ya yi shekaru yana zagi, naɗi kan naɗi ba jela. Ya waiga. Ba wanda ya gani. Ƙofar bukkar Alhusaini a rufe take da tabarma.

To a nan ne fa labarin ya yi muni, kuma ba zan rufa masa asiri ba tunda shi ma ya daina rufa wa kansa. Kuskuren farko kowa na iya yinsa. Amma Isufu ya ga gaskiya da idonsa, ya yi shiru har kwana tara. Kullum ya ce gobe zai je. In gari ya waye sai ya hango fuskokin da suka yi dariya a ƙofar mai unguwa, ya ga yadda za su juyo da dariyar kansa: Mai Ƙulli, wanda doki ya kwance wa ƙulli. Sai ya fasa. Doki kuwa tunda aka canza ɗauri bai ƙara fita ba, sai mutane suka ɗauki hakan hujja. A bakin famfo ana ce masa, "Ka ga tunda aka sallami mutumin nan an huta? Ashe kai ke da gaskiya, Mai Ƙulli." Ya ce, "Uhm." Ya daina bi ta gaban bukkar, yana zagayawa ta bayan gida da amalanke, hanyar da ta ninka nisa. Abinci ma sai ya tsakura ya ture kwano.

Zinatu ba yarinya ba ce. Ran na tara da safe ta fito zubar da shara, ta tarar da shi durƙushe a gindin turke yana tsokalar ƙulli da tsinin wuƙa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ta ajiye tsintsiya.

"Malam, yau shekara talatin ina ganin ɗaurinka, ban taɓa ganin ka sa masa wuƙa ba. Tunda ɓarawon doki ya bar aiki, me ya sa ka canza ƙulli?"

Ya yi tsuru-tsuru. Ya ci gaba da tsokalar ƙullin.

Ta ce, "Na gane. Allah ya isar wa bawan Allahn nan." Ta ɗauki tsintsiyarta, har ta kai ƙofa ta juyo. "In ba ka ji ba, ɗan ƴar'uwar Alhusaini ya zo. Gobe Alhamis bayan la'asar zai tafi da shi Cibarakaten, wai ya riƙa yi wa masu haƙar zinariya gadin kaya. Tsoho mai shekara sittin da biyar, a wancan dutse. Ruwan da ya ɗebo mana wata biyu, ni dai ban manta ba."

Washegari da hantsi Isufu ya ja Bidi zuwa ƙofar Mai unguwa Gambo. Ya roƙa a kira masu garake, a kira Dassin, a kira Alhusaini. Aka taru, Alhusaini ya zauna can gefe, amawali a sama. Isufu ya ɗaure dokin a jikin ginshiƙin rumfa da tsohon ƙullinsa mai jela, ya ce, "Don Allah kowa ya yi shiru ya kalli dokin nan."

Dabararsa ita ce doki ya yi masa maganar. In mutane suka gani da idonsu, shi sai ya tafa hannu ya yi salati tare da su, kamar yau ya fara gani. Ka ji fa, har a wannan lokaci yana neman ƙofar baya.

Bidi kuwa ya ce bai san zancen ba. Ya kori ƙuda da wutsiya. Ya sauke kai, ya lanƙwasa ƙafar baya, ya lumshe ido. Aka yi jiran dafuwar shayi ɗaya, aka yi na biyu. Rana ta fara cizo. Wani ya ce, "Wai kallon doki aka kira mu?" Wani ya ce, "Ko Mai Ƙulli ya fara taɓuwa ne?" Dariya ta fara tashi, mai unguwa ya gyara zama yana shirin sallamar mutane. Alhusaini ya dafa ƙasa zai miƙe.

Da Isufu ya ga haka sai ya taka zuwa ginshiƙin. Ya riƙe ragama da hagu, ya sunkuya da furfurarsa da komai, ya ciji jelar igiya a gaban jama'a, ya kaɗa kai. Igiya ta zube. Ya juyo, zaren igiya a leɓensa.

"Haka nake yi kowace safiya a gabansa, shekara uku. Shi ma haka yake yi. Ni na koya masa. Ba wanda ya taɓa kwance dokin nan sai shi kansa. Alhusaini kamo shi yake yi ya ɗaure mini, ni kuma na saka masa da abin da kuka ji." Ya cire zaren daga leɓensa. "Kuma ba yau na sani ba. Yau kwana goma ke nan da na gani da idona, na yi shiru, kuna yaba mini ina amsawa. Kunya ce ta hana ni, kunyar a ce ƙullina ya kwance. Na zaɓi a kori mutum da a yi mini dariya. To ga ni, ku yi."

Ba wanda ya yi. Da sun yi ma da ya fi masa sauƙi. Dassin ce ta fara magana, da Hausarta ta mutanen Abzin, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba Isufu, salati yana sake tsirowa. Ni har na daina gaishe da Alhusaini saboda maganarka." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mai unguwa ya juya ga Alhusaini. "Ka taɓa ganin dokin yana yi?"

"Sau bakwai."

"Subhanallahi! To me ya hana ka faɗa?"

Alhusaini ya ce, "Ranka ya daɗe, ya wuce."

Masu garake suka shiga ba shi haƙuri, kowa na tura laifi kan ɗan'uwansa, suka ce ya dawo bakin aikinsa yau ɗin nan. Ya gode musu. Ya ce wanda aka ba gadin shi ma mai iyali ne, ba za a cire masa lomar da ya riga ya kai baki ba. Kuma ya riga ya ba ɗan ƴar'uwarsa alkawari, mota na jira.

Bayan azahar Isufu ya tsallaka taku ashirin ɗin nan, waɗanda suka gagare shi tun farkon bazara. Ya tarar an gama ɗaure kaya: buhu ɗaya, butar shayi, bargo. Tabarmar ƙofa kaɗai ta rage a shimfiɗe. Ya durƙusa a bakinta, bai iya hawa ba.

"Alhusaini, ka yafe mini. Maganar da na faɗa a kan mutanenku..."

"Na yafe tun ranar. Hau tabarma, ƙasa da zafi."

"Don Allah ka faɗa mini, me ya sa ba ka ce doki ne ba? Kalma ɗaya fa."

Alhusaini ya sauke amawalinsa ƙasa kaɗan, abin da ba ya yi sai za a sha shayi. Ya ce, "Isufu, yatsunka sun tafi. Aikinka ya tafi. Sunan nan kaɗai ya rage maka. Na ce ba da bakina za a karɓe shi ba. Na zaci in ka gani da kanka za ka zo." Ya dubi turken da ke tsallaken hanya. "Ran da ka fito a guje ba takalmi, ina cikin bukka, ina kallonka ta jikin tabarma. Na ɗora ruwan shayi ranar."

Isufu ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya kifa fuska a guntun hannunsa, ya yi kukan da bai yi ba ranar da sarƙa ta cire masa yatsu.

Alhusaini ya bar shi ya gama. Sannan ya ce ya ɗan ɗaga, ya naɗe tabarmar. A ƙarƙashinta, daidai inda Isufu ke zama kullum, akwai dabaibayi sabo, saƙar gashin akuya, mai taushi yadda ba zai ci wa doki ƙafa ba. Yashi ya shiga saƙar, alamar ya daɗe a wurin.

"Tun ranar farko da ya kwance na saƙa shi. Kullum in ka zo shayi sai in ce yau zan ba ka, sai in rasa yadda zan yi ba ka ji kunya ba."

Suka tsallaka tare zuwa gindin dogon yaro. Alhusaini ya durƙusa ya nuna masa yadda ake sawa a ƙafafun gaba, da yadda ake naɗi biyu a ɓoye bakin igiya ciki inda haƙori ba ya kaiwa. Isufu ya gwada da yatsunsa uku, ya kasa. Ya sake, ya kasa. A na uku ya kama. Alhusaini ya ja ya ji, ya ce, "Ya yi." Motar ta yi oda daga bakin hanya.

Yau shekara guda da wata biyu ke nan. Isufu ya gyara wa Dassin hanyar ruwa da hannunsa, har yanzu kuma shi ke kai mata taki. Bidi bai ƙara fita ba. In ka wuce ta wajen da azahar za ka ga tsoho durƙushe a gaban doki yana fama da dabaibayi, yana ɗaukar lokacin da a da zai ɗaure mota guda. Duk ranar da aka ce motar Cibarakaten ta shigo, yakan bar amalanke ya tafi tasha ya bi fasinjoji ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Sau biyu an ce masa an ga wani dogon tsoho yana gadin kaya a can, yana tari amma yana nan. Ya aika masa da ganyen shayi da sukari, bai san ko sun isa ba.

Rannan wani sabon direba ya zo har gida, an kwatanta masa, yana so a koya masa ƙullin nan mai jela. Ya yi sallama ya ce, "Nan ne gidan Mai Ƙulli?"

Isufu na durƙushe a ƙafar Bidi, bai ɗago ba. Ya ce, "Mai ƙulli ya tafi Cibarakaten, ɗana. Ni Isufu ne."